MAN DA YA ZUBA A RUWA: SHIN WARKEWAR ƘASA TANA SAUKE ALHAKIN MAI ƁARNA?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya gudanar da ruwa a bisanta, ya ɓoye arziki a ƙarƙashinta domin amfanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu karatu, akwai wata muhawara da takan tashi duk sa'ad da jirgin dakon mai ya fashe a teku, ko rijiyar mai ta ɓalle, ko bututu ya tsage. Mutane sukan rabu gida biyu. Wasu su ce wannan wuri ya mutu ke nan har abada, ba kifi ba tsuntsu. Wasu kuwa su ce a kwantar da hankali, teku tana da faɗi, mai daga ƙasa ya fito, ƙasa kuma ta san yadda za ta yi da shi, bayan ƴan shekaru ba wanda zai gane an yi ɓarna a nan. Masu magana ta biyu sau da yawa su ne masu rijiyar ko masu jirgin. A watan Mayu na 2010, alhali mai yana ta kwarara a tekun Meksiko, shugaban kamfanin BP na wancan lokaci, Tony Hayward, ya gaya ma wata jarida cewa teku babba ce, man da ke shiga cikinta kuwa ɗan kaɗan ne in an gwada shi da yawan ruwan.

Abin da muke son mu duba a wannan fitowa shi ne: a cikin maganganun nan biyu wace ce gaskiya? In kuma ta tabbata cewa ƙasa da ruwa suna warkewa da kansu bayan wani zamani, shin wannan warkewa tana sauke alhaki daga wuyan wanda ya yi ɓarnar? Ba za mu iya amsa tambaya ta biyu ba sai mun yi adalci a kan ta farko, domin hukunci a kan abu yana bin sanin abin.

Yadda mai yake ɓacewa, da yadda yake ɓuya

Gaskiya ce ɗanyen mai ba ya zama a bisa ruwa har abada. Da zarar ya bazu, sashensa mai sauƙi yakan tashi sama kamar yadda isansi ke bushewa in ya zuba a ƙasa. Rana tana ƙona wani sashe, igiyar ruwa tana farfasa wani, sa'an nan akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani waɗanda mai shi ne abincinsu. A tekun Meksiko, inda ruwa yake da ɗumi kuma mai ya saba tsattsafowa da kansa daga ƙarƙashin teku tun zamanin da, waɗannan halittu suna da yawa, kuma sun cinye kaso mai girma na abin da ya zuba a 2010. A gaɓar da take dutse ce, igiya tana dukanta dare da rana, wuri yakan wanku cikin shekara kaɗan. Wanda ya musanta wannan ya musanta abin da aka gani.

Amma halittun nan masu cin mai suna bukatar iska. In mai ya nutse cikin taɓo, ko ya shige ƙarƙashin tsakuwa, ko ya kwanta cikin laka a gindin itatuwan bakin teku, inda iska ba ta kai, to aikin nasu yakan yi rauni ƙwarai, man ya zauna kamar an ajiye shi cikin tulu. A 1969 wani ƙaramin jirgin dako ya zubar da mai a gaɓar jihar Masacusets ta Amurka. Sama da shekara 30 bayan haka masu bincike suka haƙa lakar wurin, suka tarar da man yana nan, alhali ciyawa ta tsiro kore shar a bisansa. Har suka lura ƙaguwar wurin ba ta iya haƙa rami mai zurfi, in ta kai ga man sai ta karkata.

Mu dubi abin da ya faru a Alaska. Ran 24 ga watan Maris 1989 jirgin Exxon Valdez ya hau kan dutse, ya zubar da kimanin lita miliyan 41 na ɗanyen mai, man ya shafi gaɓa mai tsawon kilomita wajen 2,000. An ƙiyasta mutuwar tsuntsayen teku 250,000, da karnukan ruwa 2,800, da gaggafa 250. Gaggafa ta farfaɗo cikin shekaru kaɗan. Karnukan ruwa kuwa sai a 2014, wato bayan shekara 25, masana suka ce yawansu ya komo yadda yake a da. Akwai kuma wata zuriya ta manyan dabbobin teku da ake kira orka, su 22 ne kafin haɗarin, da yawansu suka mutu, waɗanda suka rage kuwa ba a ƙara ganin sun haihu ba. Zuriyar tana kan hanyar ƙarewa. A 2001, shekara 12 bayan haɗarin, da aka haƙa ramuka a gaɓoɓin da ake ganin sun wanku, an tarar da mai a ƙarƙashin tsakuwa a wurare da dama. To ga haɗari guda ɗaya, a wuri guda, amma wani ya warke da wuri, wani ya warke bayan rubu'in ƙarni, wani ba zai warke ba.

Haka nan a tekun Meksiko. Ran 20 ga Afrilu 2010 dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya kama da wuta, mutum 11 suka rasa rayukansu, rijiyar da ke zurfin mita wajen 1,500 ƙarƙashin ruwa ta yi kwana 87 tana amai. Kotun Amurka ta tsai da cewa ganga miliyan 3.19 ta shiga teku, kowace ganga kuwa lita 159 ce. Masunta sun koma kamun kifi a mafi yawan wuraren da aka rufe kafin shekara ta zagayo, wannan gaskiya ne. Amma dabbobin dolfin na mashigin Barataria sun yi shekaru suna fama da ciwon huhu da ɓarin ciki, murjanin da ke can zurfin teku kuwa, wanda yakan yi ɗaruruwan shekaru kafin ya girma, ya lalace a wurare, ba kuwa mai rai a yau da zai ga komowarsa.

Wani abin da ya kamata mai hankali ya lura da shi: gyara ma yakan zama ɓarna in an yi shi domin a burge ido. A Alaska an wanke duwatsu da ruwan zafi mai ƙarfi, duwatsu suka yi fes, amma ƙananan halittun da suka tsira daga mai sai ruwan zafin ya kashe su. A Faransa, bayan jirgin Amoco Cadiz ya fashe a gaɓar Biritaniya ta Faransa ran 16 ga Maris 1978 da tan 220,000 na mai, an kwashe lakar wata fadama da manyan injuna domin a tsabtace ta. Daga baya aka ga sashen da ba a taɓa ba ya riga wanda aka kwashe farfaɗowa.

Ƙasar Ogoni

Duk waɗancan ƙasashe ne masu ƙarfi, masu kotu da jarida da kuɗin bincike. Mu sauko kusa da gida, kudancin Najeriya, inda kogin Kwara, wanda ya ratsa Yamai da Gaya, yake rarrabuwa ya shiga teku. An fara haƙar mai a ƙasar Ogoni a ƙarshen shekarun 1950. Kamfanin Shell ya daina haƙa a can a 1993 saboda boren mutanen wurin, amma bututansa suka ci gaba da ratsa ƙasar. Ran 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin soja ta rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, shi ne kuwa jagoran masu kuka a kan ɓata ƙasarsu.

A watan Agusta 2011 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta fitar da sakamakon binciken da ta yi wata 14 tana yi a can, ta duba wurare sama da 200, ta auna samfuri sama da 4,000 na ƙasa da ruwa. Ta tarar a wurare da yawa mai ya nutse har mita 5 cikin ƙasa. A garin Nisisioken Ogale ta tarar da mai mai kaurin santimita 8 yana yawo bisa ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin mutane ke ɗiba, sinadarin benzen kuwa, wanda aka tabbatar yana haddasa ciwon daji, ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900 a ruwan da suke sha. A Ejama-Ebubu ta tarar da ɓarnar man da ya zuba shekara 40 da suka wuce tana nan, duk da an sha cewa an gyara. Hukumar ta ce mai da ƙasar Ogoni yadda take zai ci shekara 25 zuwa 30, kuma a fara da dalar Amurka biliyan 1 domin shekara biyar na farko. Ba a ƙaddamar da aikin ba sai a watan Yuni 2016.

Hamadar Kuwait

Kada wani ya ce wannan duk zancen masu teku ne. A 1991, lokacin da sojan Iraƙi suke janyewa daga Kuwait, an cinna ma rijiyoyin mai sama da 600 wuta, ba a kashe ta ƙarshe ba sai a watan Nuwamba na shekarar. Man da bai ƙone ba ya taru ya zama tafkuna wajen 300 a cikin hamada, ya bushe ya yi ɓawo kamar kwalta, ya kashe ciyawar da ke riƙe rairayi, wani kuma ya tsiyaya ya kai ga ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa a arewacin ƙasar, a ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya. An yi shekaru sama da 20 kafin a shiga kwashe wannan ƙasa gadan-gadan. Hamada ba ta da igiyar da za ta wanke, ba ta da damshin da halittu masu cin mai suke bukata, saboda haka abin da aka zuba mata takan riƙe shi.

To amsar tambaya ta farko ta fito. Masu cewa kome ya mutu har abada sun yi ƙari, masu cewa kome zai wuce sun yi ragi. Abin da ke bisa yakan wuce da wuri, abin da ya nutse yakan daɗe gwargwadon rayuwar mutum ko fiye, wani abu kaɗan kuwa ba ya komowa sam. Ya kamata mu riƙe harshenmu daga ƙarin kamar yadda muke ƙin ragin, domin wanda ya ce wuri ya mutu har abada ya ba mai ɓarna hujja biyu: in wurin ya tsiro ya ce ga shi ƙarya aka yi mini, in bai tsiro ba ya ce me za a gyara a abin da ya riga ya mutu.

Warkewa ga wa?

Yanzu sai tambaya ta biyu, wadda ita ce ainihin maganarmu. Mu ɗauka ƙasar Ogoni za ta komo bayan shekara 30 kamar yadda masana suka ce. Masuncin da yake da shekara 40 ranar da aka fitar da wancan rahoto zai kai 70 kafin wa'adin ya cika, in ya yi tsawon rai, in kuma an fara aikin a ranar, alhali ba a fara ba. Ƙarfinsa ya tafi, kwalekwalensa ya ruɓe, ɗansa da ya kamata ya koyi jefa taru a bayansa ya tashi bai san sana'ar ubansa ba. Ranar da kifi zai komo, wanda aka raba da kifin ba ya nan. Shekara 30 a wurin teku kamar ƙiftawar ido ce, a wurin ɗan Adam kuwa ita ce dukan ƙuruciyarsa da ƙarfinsa. Saboda haka wanda ya ce wuri ya warke, sai a tambaye shi: ya warke ga wa? Kalmar tana da gaskiya in ana zancen laka da ciyawa, amma ba ta mai da ma kowa shekarunsa.

Sa'an nan mu tambaya, warkewar aikin wane ne? Rana ce ta ƙona, iska ta kwashe, halittun da Allah ya halitta suka cinye. In wani ya sari ɗan'uwansa da adda, rauni ya rufe bayan wata uku, ba mai hankalin da zai ce ma wanda ya yi saran ka kuɓuta tun da nama ya tsiro. Tsirowar nama rahama ce da aka yi ma wanda aka sara, ba ta shiga littafin wanda ya yi sara. Wanda ya jingina da warkewar ƙasa domin ya rage abin da ke kansa, ya ɗauki kyautar da ba shi aka yi ma ba ya biya bashinsa da ita.

Akwai kuma batun abin da ke ɓoye. Tun muna yara aka karantar da mu a littattafan farko na fiƙihu cewa ana gane ruwa ya canja ta launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa. Wannan ma'auni ne na tsarki, kuma ya isa a babinsa. Amma a babin cuta, benzen yana iya zama cikin ruwa gwargwadon da zai cutar alhali ruwan garau yake, ba wari ba launi. Uwa za ta ɗebo ta ba jaririnta da hannunta tana ganin ta ba shi ruwa mai kyau. A nan nauyi yakan ƙaru a kan wanda ya sani. Kamfani yana da injiniyoyi da na'urorin awo, gwamnati tana da ma'aikata, mutumin ƙauye kuwa ba shi da kome sai idonsa da hancinsa. Wanda ya share bisa ya bar ƙasa, ya kira ƴan jarida su ɗauki hoton ciyawa, ya haɗa laifi biyu, ɓarna da algus, kamar mai sayar da hatsin da ya jiƙe ya rufe shi da busasshe.

Diyya da iyakarta

Wani zai ce, ai ana biyan diyya. Gaskiya ne, kuma wajibi ne a biya. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa wanda ya halaka dukiyar wani sai ya yi lamuni, ko da ganganci ya yi ko da kuskure; bambancin ganganci da kuskure yana ga zunubi, amma dukiyar mutane ba ta faɗuwa domin an ce ba a yi nufi ba. Sun kuma ce tuba daga haƙƙin bayi ba ta cika sai an mai da haƙƙin ga masu shi. Saboda haka kalmar haɗari ba ta kore biya.

Amma mu dubi yadda biyan yake gudana. A shari'ar Exxon Valdez, masu taya alƙali hukunci sun yanke tarar dala biliyan 5 a 1994. Aka yi ta ɗaukaka ƙara har 2008, inda kotun ƙoli ta Amurka ta mai da ita dala miliyan 507.5, bayan dubbai daga cikin masu ƙarar sun riga mu gidan gaskiya. Garuruwan Faransa sun jira shekara 14 kafin a gama shari'ar Amoco Cadiz a 1992. Mutanen Bodo a ƙasar Ogoni, waɗanda bututu ya fashe musu sau biyu a 2008, sai a 2015 Shell ya yarda ya biya fam miliyan 55 ga masunta 15,600 da garinsu, bayan sun kai ƙara har Landan. Manoman Goi da Oruma sun shigar da ƙara a Holan a 2008, aka ba su gaskiya a 2021. Mai ƙarfi yana iya jira, mai yunwa ba ya iyawa, saboda haka jinkiri da kansa makami ne. Jan rai ga mai iko ya biya zalunci ne ko da daga baya ya biya.

Mu kuma lura BP ya amince da biyan dala biliyan 20.8 ga gwamnatin Amurka da jihohinta, kotu ta tabbatar a 2016, shekara shida bayan haɗarin. Ba mu ce ɓarnar ɗaya ce da ta Bodo wajen yawa ba. Amma duk mai duba zai ga nauyin haƙƙi a duniyar nan yana bin ƙarfin kotun da ke bayan mai haƙƙin, alhali cikin ɗan masuncin Luwiziyana da cikin ɗan masuncin Bodo yunwa ɗaya ke cinsu.

Ko da an biya da wuri, an biya cikakke, akwai abin da kuɗi ba ya kai gare shi. Wa za a ba diyyar tsuntsu 250,000? Su ma al'umma ce, suna da rai, suna jin zafi, kuma an hane mu azabtar da dabba ko da kyanwa ce. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma waɗannan ba su ja kome ba. Wa zai sa hannu a madadin wanda ba a haifa ba tukuna, wanda zai zo ya tarar da rijiyar kakansa ba ta shayuwa? Masu rai suna iya yafe nasu haƙƙi, ba su da ikon yafe na jikokinsu. Daga nan ne muke fahimtar cewa ƙasa da ruwa amana ne a hannunmu. Mai mallaka yana iya cewa na ɓata na biya. Mai riƙon amana kuwa aikinsa shi ne ya miƙa abin kamar yadda ya karɓa, in ya yi sakaci ya zama maha'inci ko da ya kawo kuɗi daga baya. Tun da akwai ɓarnar da ba ta biyuwa, to wajibi na farko yana gaban haɗari: a canja bututun da ya tsufa, a gwada na'urar da za ta rufe rijiya, kada a bar ma'aikacin da ya gaji yana tuƙin jirgi. Bayan haɗarin Alaska ne Amurka ta kafa doka a 1990 cewa jiragen dakon mai su zama masu bango biyu. Hikimar bango biyu an san ta tun kafin haka, kuɗinta ne aka ƙi kashewa.

Alhakin a kan wa?

Adalci ya hana mu ɗora kome a kan kamfani. Shell ya daɗe yana cewa mafi yawan malalar mai a yankin daga ɓarayi ne masu huda bututu da masu dafa mai a daji, kuma ba shakka wannan yana faruwa, rahoton 2011 ma ya ambaci ɓarnar masu dafa man. Wanda ya huda bututu ya zuba ma maƙwabtansa guba, talauci ba ya wanke shi, domin waɗanda ya cuta sun fi shi talauci. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malamai sun rarrabe tsakanin wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sababi, kowane da gwargwadon nasa. Mai bututun da ya san ana huda shi bai tsare ba, ko ya ga yana zuba ya yi makonni bai rufe ba, yana da kaso. Hukumar da ta karɓi kuɗin mai ta rufe ido tana da kaso. Mai unguwar da aka ba kuɗin gyara ya cinye yana da kaso. Yawan masu laifi ba ya rage laifin kowane, sai dai mutane sukan mai da shi mafaka, kowa yana nuna ɗan'uwansa har shekaru su wuce, man kuwa yana ta nutsewa.

Mu ma da muke hawa mota da babur, muke kunna injin ban ruwa, ba mu fita sarai ba. Ba mu ce mai sayen lita ɗaya daidai yake da mai rijiya ba. Amma wanda yake cin amfanin abu bai kamata ya ce ba ruwansa da yadda aka samo shi ba.

Gemun ɗan'uwa

Abin da ya sa muka tsawaita shi ne, ƙasarmu ta shiga sahun masu mai. Tun watan Nuwamba 2011 matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram take tace man Agadem, ganga 20,000 a rana gwargwadon ƙarfinta. A 2024 kuma aka fara fitar da ɗanyen mai ta bututu mai tsawon kilomita kusan 2,000, daga jihar Difa, ya ratsa jihohin Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso, ya shiga Benin har bakin teku a Seme. Wannan arziki ne, muna roƙon Allah ya sa masa albarka. Amma bututun yana bi ta gonaki da makiyaya da kusa da rijiyoyi, ƙasarmu kuwa ta fi kama da Kuwait bisa ga Alaska. Yawancin garuruwanmu ba su da ruwa sai na ƙarƙashin ƙasa, wani ma tsohon ruwa ne da ya taru tun dubban shekaru, damina ba ta mai da shi sai kaɗan. Rijiya ɗaya a daji ita ce ran makiyaya da dabbobinsu na tafiyar yini guda. In ta ɓaci ba igiyar da za ta wanke ta.

Saboda haka haƙƙi ne a kan hukuma da kamfani su auna ruwan garuruwan da ke kan hanyar tun yanzu, su bayyana sakamakon ga jama'a da harshen da suke ji, domin in wani abu ya faru a san yadda ruwan yake a da. Haƙƙi ne a tanadi kuɗin gyara da kayan aiki kafin a bukace su, ba a fafe gora ranar tafiya. Haƙƙi ne a kan sarakuna da malamai su faɗakar cewa taɓa bututu cutar da al'umma ce, ko da wace hujja aka zo. Wanda ya ga mai yana tsattsafowa ya gaggauta sanar da hukuma, ya hana yara da dabbobi kusanta, kada ya ɗauko bokiti. Makanike kuma da mai sayar da mai a kwalba su san cewa baƙin man da ake tuttulawa bayan garaji ko cikin magudana hanyarsa ɗaya da na Ogoni, ƙasa yake nufa, can inda rijiyar unguwa take sha. Addinin da ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudana, ya hana ƙazanta inuwa da hanya da mashaya, ba zai halatta wannan ba.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya kiyaye mana ruwanmu da ƙasarmu, ya saka ma waɗanda aka zalunta, ya sa mu bar ma ƴaƴanmu rijiyoyin da za su sha su yi mana addu'a. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.